Ina Ƙurar Ta Shiga? Sharhi a Kan Littafin The Grapes of Wrath na John Steinbeck

Gabatarwa

A wani zama da ƙungiyarmu ta yi a zangon karatun da ya wuce, inda aka tattauna yadda adabi yake ɗaukar masifun da kan faɗa wa al'umma, wani ɗan'uwa ya kawo misali da littafin The Grapes of Wrath na marubucin nan Ba'amurke, John Steinbeck. Ya ce duk mai son ya san tarihin fari da guguwar ƙurar da suka afka wa manoman Amurka daga 1931 zuwa 1939, to ya nemi wannan littafi, ya ishe shi. Da hutu ya zo na aro shi daga laburare na tafi da shi gida. Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe gari, sai na ga ai babu lokacin da ya fi wannan dacewa da karatun littafin ƙura. Na karanta shi sau biyu. Na farko don jin daɗi, na biyu da fensir a hannu ina neman ƙurar da aka ce mini.

Abin da na samu shi ne dalilin wannan sharhi. A ganina littafin ya yi fice wajen ba da labarin waɗanda suka yi ƙaura, amma ya yi shiru a kan abubuwa biyu waɗanda tarihin wannan bala'i ba ya cika sai da su: yadda hannun ɗan Adam ya taimaka wajen tayar da ƙurar, da kuma halin mutanen da suka ƙi tashi suka zauna a cikinta.

Labarin a Taƙaice

An buga littafin a ranar 14 ga Afrilu, 1939, kuma ma'anar sunansa ita ce 'ya'yan inabin fushi. Babban tauraronsa, Tom Joad, ya fito daga kurkukun McAlester a jihar Oklahoma bisa sakin talala, bayan ya yi shekara 4 saboda kisan da ya yi a wurin faɗa. A hanya ya gamu da Jim Casy, tsohon mai wa'azi wanda ya bar wa'azi. Da suka isa gida sai suka tarar tarakta ta ture ɗakin, an shuka auduga har bakin ƙofa. Masu ƙasa da banki sun kori iyalin daga gonarsu mai eka 40.

Iyalin suka sayar da kayan gona da dabbobinsu a kan dala 18, suka hau wata tsohuwar mota su 13, suka kama hanya mai lamba 66 zuwa Kalifoniya, saboda wata takardar talla da ta ce ana neman ma'aikata 800. Kakan Tom ya rasu tun ba su bar Oklahoma ba, kakarsa ta rasu suna ƙetare hamada. Da suka isa sai suka tarar takardar nan ta shiga hannun dubban mutane, masu gonaki kuwa suna ta rage kuɗin ƙwadago yadda suka ga dama. Aka kashe Casy saboda ya jagoranci yajin aiki, Tom ya kashe wanda ya kashe shi ya shiga ɓuya. Labarin ya ƙare cikin ambaliyar ruwa, inda ƙanwar Tom, wadda ta haifi ɗa babu rai, ta shayar da wani baƙon mutum da yunwa take neman kashewa.

Inda Littafin Ya Yi Ƙarfi

Kafin in kawo suka, wajibi ne in ba marubucin haƙƙinsa. Zubin littafin abin koyi ne. Babi 30 ne, kuma Steinbeck ya riƙa saɓa su: in ya ba da babi a kan iyalin Joad, sai ya biyo da gajeren babi wanda ba ya ambatar su, yana kwatanta halin dubban masu ƙaura gaba ɗaya. Ta haka mai karatu yakan ga gida ɗaya a kusa, sa'an nan a ja shi baya ya ga ashe gidan nan ɗaya ne cikin dubu.

Babi na 5 shi ne ya fi tsaya mini a rai. Manomi ya ɗauki bindiga yana neman wanda zai harba don kada a rushe masa gida. Direban tarakta ya nuna masa shi ɗan ƙwadago ne mai karɓar dala 3 a wuni, kuma yana da 'ya'yan da zai ciyar. Wanda ya aiko direban ma aiko shi aka yi daga banki, bankin kuma yana karɓar umarni daga wani wuri can gabas. Manomin ya rasa wanda zai kama. Ban taɓa karanta inda aka feɗe irin wannan zalunci marar fuska kamar a nan ba. Haka kuma uwar Tom tauraruwa ce da ba a mantawa. Wurin da ta zauna ita kaɗai ta ƙone akwatin wasiƙu da hotunanta a murhu, don babu wurinsu a mota, ya fi dogon jawabi nuna abin da ƙaura take ci.

Wannan ƙarfi ya samo asali ne daga gani da ido. Steinbeck haifaffen Salinas ne a Kalifoniya. A 1936 ya zagaya sansanonin masu ƙaura ya rubuta maƙalu 7 a wata jaridar San Francisco, a 1938 kuma ya shiga taɓo a Visalia yana taimakon waɗanda ambaliya ta ci. Littafin ya girgiza ƙasa: an sayar da fiye da kwafi 400,000 cikin shekara guda, hukumar yankin Kern ta hana ajiye shi a laburare a 1939, ya sami lambar Pulitzer a 1940. Amma mu lura, duk abin da ya gani da idonsa a Kalifoniya ya gan shi, wato a ƙarshen hanya. Mafarin hanyar kuwa ji ya yi.

Abin da Tarihi Ya Nuna

Yankin da aka yi wa laƙabi da Ƙwaryar Ƙura shi ne inda jihohi 5 suka haɗa iyaka: yammacin Oklahoma, arewacin Teksas, kudu maso yammacin Kansas, kudu maso gabashin Kolorado da arewa maso gabashin New Mexico. Shimfiɗaɗɗen fili ne, ba tudu ba itatuwa, iska ba ta hutawa, ruwan sama kuma bai cika kaiwa inci 20 a shekara ba. Abin da ya riƙe ƙasar tun fil azal shi ne wata gajeriyar ciyawa mai sarƙaƙƙiyar saiwa, wadda kan bushe lokacin fari amma ba ta sakin ƙasa. Miliyoyin ɓauna suna kiwo a kanta, 'yan asalin ƙasar irin su Komanci suna farautarsu. Zuwa 1875 soja sun murƙushe Komanci, ba da jimawa ba mafarauta Turawa suka ƙarar da ɓaunar.

Gwamnati ta shiga raba fili kyauta: eka 160 ga kowane magidanci bisa dokar 1862, sa'an nan eka 320 bisa dokar 1909. Da Yaƙin Duniya na Farko ya zo, sai gwamnati a 1917 ta lamunce wa manoma dala 2 a kan kowane bushal na alkama, awon da ya kai kusan kilo 27. Aka yi dace da shekarun ruwa, ga tarakta ta shigo, ga bashi a sauƙaƙe. Daga 1925 zuwa 1930 kaɗai an kife fiye da eka miliyan 5 na ciyawa a kudancin filayen. Har da 'yan birni, waɗanda kan zo da jaka su shuka alkama su koma, sai girbi su dawo. A 1931 aka yi amfani mai yawan gaske, farashi ya faɗi har zuwa wajen santi 25. Mai bashi ya ƙara faɗaɗa gona don ya biya, wanda ya karaya kuma ya tafi ya bar gonarsa tsirara.

A nan ne ruwa ya ɗauke. An ƙidaya manyan guguwa 14 a 1932, aka ƙidaya 38 a 1933. Ta watan Mayun 1934 ta kwashi ƙasa har birnin New York da Washington, ta sauka a kan jiragen ruwa a tekun Atilantika. Ta ranar Lahadi 14 ga Afrilu, 1935, wadda ake kira Baƙar Lahadi, ta mai da yini ya koma dare, mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Washegari wani ɗan jarida mai suna Robert Geiger ya yi amfani da laƙabin nan na Ƙwaryar Ƙura, ya bi yankin har yau. Yara da tsofaffi suka riƙa mutuwa da ciwon huhu, shanu suna faɗuwa cikinsu cike da ƙasa. Ya kamata mai karatu ya bambanta wannan da hazon da muka saba da shi. Namu daga nesa yake zuwa, galibi daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, ya wuce ya bar mana gonakinmu. Nasu kuwa gonar manomi ce da kanta take tashi sama yana kallo.

Masana sun yi saɓani a kan rabon laifi. Donald Worster, a littafinsa na 1979, ya ɗora shi a kan tsarin jari-hujja da ya mai da ƙasa hajar ciniki. Geoff Cunfer, a nasa na 2005, ya nuna an sha yin guguwar ƙura tun kafin a kife ciyawar, don haka fari ne kan gaba. Masana yanayi kuma sun gano cewa sanyin ruwan tekun Pasifik da ɗumin na Atilantika ne suka janye ruwan sama, sa'an nan tsiraicin ƙasa da ƙurar da ta tashi suka ƙara wa farin tsanani. Ko wanne muka bi, babu wanda ya wanke garma tas.

Suka ta Farko: An Saɓa Wuri

To, ina wannan duka a cikin littafin? Guguwar ƙura ɗaya tak aka kwatanta, a babi na 1, cikin 'yan shafuka kaɗan. Kwatancin yana da kyau ƙwarai: masara ta bushe, iska ta taso, mutane sun ɗaure hanci da ƙyalle, mata suna leƙen fuskokin mazajensu su ga ko sun karaya. Daga nan ƙura ta kwanta ta zama ado a gefen hanya, ba ta sake tashi ba.

Bayan haka, Steinbeck ya ajiye iyalin Joad ne kusa da garin Sallisaw, a gabashin Oklahoma daf da iyakar Arkansas. Wannan ƙasa ce mai tuddai da itatuwa, ruwanta ya ninka na yamma, kuma tsakaninta da Boise City, cibiyar ƙurar, ya fi mil 400. Fari ya taɓa ta, amma ba ta cikin Ƙwaryar Ƙura. Abin da ya kori manoman auduga na wannan yanki shi ne faɗuwar farashi, da tarakta, da kuma wata dokar gwamnati ta 1933 wadda ta biya masu ƙasa kuɗi don su rage noman auduga. Da yawansu suka karɓi kuɗin, suka sallami 'yan noma-mu-raba, suka sayi tarakta. Masanin tarihi James Gregory ya nuna a 1989 cewa cikin mutane sama da 300,000 da suka shiga Kalifoniya daga Oklahoma da Teksas da Arkansas da Missouri a waɗannan shekaru, waɗanda suka fito daga ainihin yankin ƙura ba su kai 16,000 ba. Ashe masifu biyu ne daban, ta manoman auduga 'yan haya a gabas da ta manoman alkama a yamma, littafin ya ɗinke su wuri guda. Ya ari ƙurar yamma ya buɗe labarin gabas da ita.

Suka ta Biyu: Manomi Ba Shi da Laifi

Wannan ce ta fi damuna. A cikin littafin masu laifi su ne banki da tarakta da manyan masu gonaki. Gaskiya ne Steinbeck ya ambata cewa auduga tana tsotse ƙasa, har manoman ma suna tinƙaho da cewa kakanninsu sun kori 'yan asalin ƙasar kafin su mallake ta. Amma ya taɓa waɗannan ne ya wuce. Babu inda wani tauraro ya tsaya ya tambayi kansa ko shi ma yana da hannu a mutuwar gonarsa. Hausawa kuwa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙaramin manomin da ya ci bashi ya sayi tarakta ya kwana yana kifar ciyawa da fitila a shekarun ruwa, shi ma neman arzikin gaggawa ya fito yi, irin wanda banki yake nema.

Ba za a ce ba a san haka a lokacin ba. Paul Sears ya buga littafi a kan zaizayar ƙasa a 1935. A ranar 27 ga Afrilu na wannan shekara aka sa hannu a dokar da ta kafa hukumar kare ƙasar noma a ƙarƙashin Hugh Bennett. A 1936 gwamnati ta fitar da fim ɗin Pare Lorentz wanda sunansa kansa ya ɗora laifi a kan garma. Steinbeck ya zaɓi ya bar wannan gefe ne domin yana son tausayin mai karatu ya tafi wuri ɗaya ba tare da ya rabu ba. Ya sami abin da yake so, amma ga abin da ya biyo baya: wanda ya rufe littafin zai ɗauka da banki ya yi sassauci da komai ya daidaita. Alhali ko da an yafe wa kowa bashinsa a 1932, gonar da aka tsiraita sai ta tashi in iska ta zo.

Suka ta Uku: Waɗanda Suka Zauna

Mafi yawan mutanen Ƙwaryar Ƙura ba su yi ƙaura ba. Sun zauna suna rataya jiƙaƙƙun zannuwa a tagogi, suna kwashe ƙasa daga ɗaki da shebur, suna shuka shekara bayan shekara iska tana tonewa. A garin Dalhart na Teksas har ƙungiya aka kafa a 1935 ta waɗanda suka yi alkawarin ba za su tashi ba. Su ne suka koyi yin kunya a gicciye, da barin karan amfani a gona ya rufe ƙasa, da mayar da wasu filaye ga ciyawa. A gabashin filayen kuma manoma da ma'aikatan gwamnati sun dasa itatuwa kimanin miliyan 220 don tare iska kafin 1942.

Wa ya wakilci irin waɗannan mutane a littafin? Mutum ɗaya ne, Muley Graves, wanda iyalinsa suka tafi suka bar shi yana yawo a kangaye kamar fatalwa, yana cin zomo, yana ɓuya wa 'yan sanda. Sunansa ma ya isa shaida, don kashin farko daga alfadari aka samo shi, na biyu kuma kaburbura yake nufi. Wato a idon littafin, mai zama taurin kai ne ya zaunar da shi, kuma da shi da matacce ɗaya ne. Wannan rashin adalci ne ga dubban mutanen da haƙurinsu ya ceci yankin.

Abin takaici shi ne akwai wadda ta rubuta labarinsu a daidai wannan lokaci. Sanora Babb ta girma a filayen, har ta yi ƙuruciya a ɗakin da aka haƙa cikin ƙasa a gabashin Kolorado, kuma a 1938 ta yi aiki a sansanonin Kalifoniya tare da Tom Collins, jami'in da Steinbeck ya sadaukar wa littafinsa tare da matarsa. Kamfanin ɗab'i ya nuna sha'awar littafinta mai suna Whose Names Are Unknown, amma da na Steinbeck ya fito ya cika kasuwa sai aka ajiye nata. Bai fito ba sai 2004, shekara guda kafin ta rasu. Kusan rabinsa a yammacin Oklahoma yake, cikin ƙurar kanta, inda mai karatu zai ga yadda uwa take dafa abinci ƙasa tana zuba a tukunya. Bai kai na Steinbeck ƙarfin zubi ba, amma ya fi shi sanin wurin.

Wata Hujja da Za a Iya Kawowa

Na san wasu 'yan'uwa za su ce ƙagaggen labari ba littafin tarihi ba ne, kuma marubuci yana da 'yancin ya zaɓi jigonsa. Na yarda. Jigon Steinbeck shi ne zaluncin da ake yi wa ɗan ƙwadago da kuma yadda wahala take mai da baƙi 'yan'uwa, kuma ya warware shi yadda ya kamata. Rabin laifin namu ne mu masu karatu da muka ɗora wa littafin kayan da bai ce zai ɗauka ba. Sai dai marubuci ne da kansa ya buɗe da ƙura, ya sa ta zama ƙofar shiga labarin, kuma ƙagaggen labari mai ƙarfi yakan danne tarihi a zukatan jama'a. Mutum dubu sun san Tom Joad kafin a sami ɗaya da ya san Hugh Bennett. Saboda haka dole ne mai sharhi ya nuna inda labari ya rabu da abin da ya faru.

Kammalawa

Abin da ya sa na ɗauki wannan magana da nauyi shi ne mu ma muna da namu farin da za mu rubuta. Kakata takan ba mu labarin na 1973, kuma na lura ba ta cika maganar waɗanda suka tafi ba. Maganarta a kan yadda aka zauna ne: abin da aka ci, abin da aka sayar, irin da aka ɓoye aka hana yara taɓawa. Takan kuma faɗi itatuwan da mutanen garin suka sare da hannunsu kafin farin ya zo. Duk ɗalibin da zai ɗauki alƙalami a kan wannan jigo, ya koyi zubi da tausayi daga Steinbeck, amma ya shigar da waɗanda suka zauna, kuma ya bar tauraronsa ya ɗauki nasa kason laifi. Yin haka ba zai rage tausayinmu gare shi ba.

Ga ɗan'uwan da ya kawo misalin nan kuwa, ina godiya da ya haɗa ni da littafi mai daraja. Shawarata ita ce a karanta shi a matsayin labarin hanya da sansani, sa'an nan mai neman ƙura ya haɗa da na Babb da na Worster. In akwai wanda ya ga na yi wa marubucin rashin adalci, shafukan wannan mujalla a buɗe suke, ina sauraron raddi a fitowa ta gaba.